Ɗauko Tanko Daga Dahomi da Tsohuwar Jif

"Ishaya, tsaya. Na ce ka tsaya!"

Tanko ne, ƙanena, daga bayan mota inda munka shimfiɗe shi bisa katifa. Tun wayewar gari bai ce komi ba, ruwa ma da cokali nake ɗiga mashi. Da na ji muryar na ce shi ke nan, lokaci ya yi. Na kama hannunshi na fara addu'a. Ya zare hannun.

"Yaya, aje addu'ar tukuna. Ba ni ba ne, motar ce. Ba ku ji tana kuka?"

Ni ban ji komi ba sai ƙarar da take yi tun ranar da na san ta. Ishaya, mijin ɗiyata Rahila, shi ke tuƙi. Ya waiwayo ya ce, "Kawu, iyaka ta kusa. Mu lallaɓa."

"Kunnena na bisa kanta. In ba ka tsaya ba ita za ta tsayar da kai, kuma ba za ta sake tashi ba."

Ishaya ya taka burki. Daji ne, ƙasar mutane, ko rufin ɗaki ba a hange, rana kuma ta fara cizo.

Bari in koma farko, don ku matan zumunta kun hana ni sakat tun da na dawo. Wagga ta tare ni a kasuwa, waccan a ƙofar coci, yaya Dahomi, mi suke ci, da gaske ne kin shiga ƙarƙashin mota. Bakina ya gaji. Ku kunka matsa mani na shiga ajin karatu da furfurata, to ga amfaninshi. Wadda idonta bai gani ta ba jikanta ya karanta mata, kada a sake tambayata.

Wadda ba ta san Tanko ba, direban soja ne, Kofur. Da ya aje aiki ya sayi wata tsohuwar jif a gwanjon bariki, koriya, mai rufin tamfol, ya yi ta jigilar dawa da ita. Da matarshi ta rasu, 'ya'yan kuma duk suna bariki nesa, sai ya bi mutanenmu da sunka tafi noma Dahomi, wai can ƙasa ba ta gaji ba. Yanzu Binin ake cewa, ni Dahomi na sani. Motar ya bar wa Ishaya.

Ana tsakiyar damina wata mai kai daddawa can ta shigo gidana, ko zama ba ta yi ba. Ta ce Tanko ya kumbura, ƙafa da ciki, asibitin can sun ce a kai shi gida. Ta ce ya ce a gaya wa Yaya kada ta bari a rufe shi inda ba a jin yarenshi, gefen babanmu yake so, gindin dutse. Sannan ta rage murya ta ce in yi sauri. Mai rai yana ƙetare iyaka, gawa ba ta ƙetarewa sai da takardu daga wani babban gari can ƙurya, kafin a samo su an rufe mutum.

Na ɗaura zane na tafi gidan Ishaya. Bai yi gardama ba, wannan kam a ba shi. Munka ɗauki katifa, da tukunyata, da kwano, da garin kunu, munka tsaya shagon wani ɗan Ibo mai sayar da kayan mota don sayen tiyo. Mutumin ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin motar ya taso yana kaɗa kai.

"Ishaya, man bakasil ɗinka ya tsufa. Ya fi Mama tsufa. Ka canja kafin ka shiga ruwa."

Na ce, "Uwarka ce ta tsufa." Ya yi dariya, ya ɗauko galan ɗin sabon mai ya tura bayan kujera. Ishaya ya ce in mun dawo zai canja, yanzu sauri muke.

Bakasil ɗin nan, wadda ba ta sani ba, wata tukunyar ƙarfe ce tsakanin ƙafafun baya. Cikinta akwai haƙora masu cin juna, su ke juya ƙafafun, suna iyo cikin mai. Ni ma ban sani ba sai a tafiyar nan. Yanzu ko ido rufe zan nuna maku ita.

Munka bi ta Dabai, munka wuce Mahuta. Hanyar kun san ta, ramin da ka kauce ma yana da wa a gaba. A Koko munka ci shinkafa da wake a tsaye. Da munka zo gadar Kwara na rufe idona da gyale har sai da Ishaya ya ce mun ƙetare, ni ban yarda da ruwan da ba a ganin ƙarshenshi ba. Munka kwana Kaoje gidan wata 'yar garinmu Zuru da ke auren malamin makaranta. Ta ji yarenmu a bakina ta fashe da kuka, ta yanka mana kaza, ta hana ni barci da tambayar wa ya mutu wa ya haihu. Sauron garin kuma ko kare ya san da su.

Iyakar da ake ta faɗa, na zaci ganuwa ce. Igiya ce, da ganga biyu, da rumfa. Namu sunka ga motar soja, sunka ji sunan Zuru, ɗaya ya ce babanshi ya yi aiki da 'yan Zuru, ku wuce Mama. Na can kuma jandarma ake ce masu. Wanda munka tarar gajere ne, wandonshi ya matse shi kamar da shi anka haife shi. Hausarshi irin ta Dandawa ce. Ya zagaya motar yana buga ta da sanda.

"Mi za ku ɗauko?"

Na ce, "Mara lafiya."

"Mara lafiya, to. In ya zama wani abu ba mara lafiya ba, kada ku kawo mani shi nan, ba ni da ikon sauke igiya. Kuma rana ta faɗi, igiya ba ta sauka ko wa ya zo, sai gobe."

Na ce na ji. Ya ce in maimaita. Na maimaita, kamar 'yar makaranta, raina na tafasa.

Daga nan ba hanya, sai sawun keken shanu tsakanin gonakin auduga. Gaba kaɗan akwai rafi, ya cika ya yi ja. Mun yi tafiya mai tsawo tun daga Kaoje, motar ta ɗau zafi, Ishaya bai tsaya ta huce ba, ya danna ta ciki. Ruwa ya shigo ta ƙofa har idon sawuna. Dogon burodin nan nasu mai kamar sanda da munka saya a iyaka, na gan shi yana yawo tsakanin ƙafafuna. Motar ta yi tari, ta yi ja da baya, ta yunƙura ta fita. Ishaya ya buga sitiyari yana murna. Ashe tukunyar nan in ta yi zafi ta shiga ruwan sanyi, tsotsa take kamar jariri.

Da na ga Tanko ban gane shi ba. Mutumin da ke ɗaga buhun dawa da hannu ɗaya, fuska ta zama ƙashi, ciki kamar na mai wata tara. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kin yi ƙiba." Ya dubi bayana ya ce, "Ina motata?" Ni da na ƙetaro Kwara, motar ya fara tambaya.

Maƙwabtanshi mutanen Bargu ne, su sunka yi jinyarshi, Allah ya biya su. Amma gaisuwarsu aiki ce. Sai a tsuguna, namiji da mace, a yi ta amsawa da wani gunaguni a maƙogwaro, kai ka gaji su ba su fara ba. Na tsuguna wa matar gidan, gwiwata ta ƙi tashi, sai da anka ɗaga ni. Ta kawo sakwara da wani cuku da sunka rina ja sunka soya. Na ce wa ke rina abinci kamar zane? Na ci don kunya, na ƙara don daɗi. Tanko ko ƙanshin bai so.

Da safe maza sunka ɗauko shi sunka kwantar bayan mota. Matar nan ta riƙe ƙafarshi tana magana da yarensu, ba mai fassara, ba a kuma buƙata. Munka sake shiga rafin nan, ya ɗan janye, munka fita. Ba mu yi nisa ba Tanko ya ce a tsaya. Nan na tsaya da ku ɗazu.

Tanko ya ce wa Ishaya ya je ya ɗora hannu bisa tukunyar bakasil. Ishaya ya shiga ƙarƙashi, sai munka ji ya yi ƙara ya fito yana yarfa hannu.

"Ta sha ruwa," in ji Tanko. "Akwai mai a motar?"

"Akwai galan, Kawu."

"Cike? To mi yake yi bayan kujera?"

Tanko ya ce a bari ta huce, a kawo kwano. Ya buɗe baki zai ƙara magana sai tari ya sarƙe shi, irin tarin da ke ɗaga mutum daga katifa. Na tallabe shi ina shafa bayanshi. Shi kuma Ishaya, kunya da sauri sun haɗu mashi, ya ɗauki sifana da kwanona ya koma ƙarƙashi. Kafin tarin ya lafa na ji abu na zuba cikin kwano.

Na leƙa. Ba mai ba ne. Fari ne kamar kunun gyaɗa, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, da wasu 'yan ƙyalƙyali a ciki. Ishaya ya ce, "Kawu, gaskiyarka, duk ruwa ne. Na zubar."

Tarin ya saki Tanko. Sannan a hankali ya ce, "Ka kwance na sama?"

"Na'am?"

"Noti biyu ne. Na ƙasa na zubarwa, na sama na zubawa. Na sama ake fara kwancewa, ɗan nan. In ka zubar da na ciki na sama ya ƙi, ta ina za ka ba ta sabo?"

"Zai kwance, Kawu."

Bai kwance ba. Tun da Tanko ya bar motar ba wanda ya taɓa notin, tsatsa ta haɗe shi da tukunyar sun zama abu guda. Ishaya ya ja da hannu, ya taka da ƙafa, ya zura bututu a sifanar ya rataya a kai. Sifana ta zame, ya daki ƙarfe da yatsu, jini ya fito. Ya sake. Ta sake zamewa. Ya ɗauko guduma. Kowane bugu Tanko na runtse ido kamar shi ake bugu. Can Ishaya ya fito, fuska duk laka, ya ce kan notin ya cinye, ya zama sumul, ba inda sifana za ta kama.

Na ɗaga kai. Rana na tsaka. Inuwar motar ta shige ƙarƙashinta.

Ishaya ya ce, "Mu tafi haka nan. Iyaka ba nisa."

"Ba mai?" in ji Tanko. "Ka ga waccan tsamiyar? Kafin ita haƙoran sun cinye juna. Bari. Cire sandunan baya, ka sa ta ja da ƙafafun gaba, ai don haka anka yi ta."

Ishaya ya sunkuyar da kai. "Kawu, sandar gaba na cire ta tun bara. Tana shan fetur. Tana gida."

Tanko ya rufe ido. Ni ban rufe bakina ba. Na ce, "Ishaya, shekarun da ka yi kana mana golmo a gona kafin mu ba ka Rahila, ashe kunya kawai ka iya ja, kai babu komi ciki. Da na sani da har yau kana can duƙe da fartanya." Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri." Na ce haƙuri ba ya juya ƙafar mota. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, takardar nan za ta shiga coci.

Tanko ya ɗaga yatsa. Munka matso kusa, don muryar ta koma kamar ta mai magana cikin tulu.

"Akwai wata ƙofa. Tsakiyar ƙafar baya, akwai ƙananan notuna a zagaye. Kwance su, ka zaro sandar da ke ciki. Ramin da ta fito yana tafiya har cikin tukunya. A karkata motar, wanga gefen sama, a zuba ta nan. Mun yi haka a daji, lokacin yaƙi."

Karkatawar ita ce magana. Ga suri gefen hanya, babba, amma ba a tada mota ba mai a tukunya, mu biyu kuma ba mu iya tura ta. Ishaya ya ɗaure notin ƙasa, ya kwance ƙananan, munka zauna muna kallon hanya. Ba kowa. Ƙudaje sunka gano Tanko, na yi ta kora. Na sa kunnena a ƙirjinshi, abin na bugawa, ya tsaya kamar ya manta, ya sake bugawa.

Can sai ga ƙura da ƙaho, Fulani da shanu. Na tare su tsakiyar hanya na buɗe hannu. Babbansu ya ce, "Inna, lafiya?" Na ja shi da riga har bayan mota na nuna mashi. Bai tambayi komi ba. Ya yi wa sauran magana, sunka jingine sanduna, sunka sa kafaɗa. Motar ta hau surin da ƙafa ɗaya ta sulluɓo. Ta sake hawa ta sulluɓo. Na uku na sa tawa kafaɗar ina zagin motar da yarenmu, ta hau ta tsaya a karkace, anka danna mata duwatsu. Tanko ya gangara gefe da katifar, babban nasu ya shiga ya tokare shi da bayanshi, ya zauna haka nan.

Ishaya ya zaro sandar. Doguwa ce, da haƙora a bakinta. Zai aje ƙasa Tanko ya ce, "Kada yashi." Ba tsumma mai tsabta ko ɗaya. Na buɗe ƙullina na ciro zanen zumunta, wanda munka ɗinka bara, na shimfiɗa. Wadda ta tambaye ni ran Lahadi don mi ban sa anko ba, ga amsarki.

Munka zura tiyon da munka saya a ramin, Ishaya ya yanke gindin gorar ruwa ya yi mazurari. Ya zuba man. Man nan kauri gare shi kamar zumar da ta kwana cikin sanyi. Ya tsaya cikin mazurarin yana kallonmu. Ɗigo, sai a jira, ɗigo. Na dubi rana, ta karkata. Na ce a haka sai gobe.

Ban tambayi kowa ba. Na kafa duwatsu nesa da motar, na hura wuta, na juye man cikin tukunyar kununa. Ishaya ya ce, "Mama, zai kama wuta." Na ce tun ba a haife ka ba nake narka man kaɗe, je ka riƙe tiyonka. Na ɗumama shi har ya saki jiki, ina gwadawa da yatsa. Da na zuba sai ya bi tiyon, zuruf.

Tanko ya ce, "Kwalba ɗaya tukuna. A wanke mata ciki a zubar."

Na ce, "Tanko, rana!"

"In an bar ruwa a ciki aikin banza ne."

"Kai fa? In rana ta faɗi mana nan?"

"Yaya, ban taɓa barin mota da datti a ciki ba. Ba yau zan fara ba."

Na so in mare shi, da ba na tsoron hannuna ya ƙarasa shi. Munka zuba kwalba ɗaya, irin wadda ake auna man gyaɗa. Hannun Ishaya ya kumbura, yatsun ba su kama notin ƙasa, ga motar a karkace ba ta barin mai kafaɗa ya shige sosai. Ni ce ƙarama. To, da gaske ne, na shiga ƙarƙashin mota. Ya sassauta da sifana daga waje, na ƙarasa da yatsu, ruwan datti ya zubo mani har gwiwar hannu, na mayar na murɗa, ya ɗaure. Warin bai bar ni ba har ranar Lahadi ta biyu.

Sannan kwalba uku, haka Tanko ya ce, kada a ƙara kada a rage. Ina aunawa Ishaya na zubawa. Da ta uku ta shige na ce, "Tanko, an gama. Sai mi?"

Bai amsa ba.

Bafulatanin da ke tokare da shi ya dube ni, ya kau da kai. Na hau motar na sa kumatuna a hancinshi. Wani abu na taɓa ni, ban sani ba numfashi ne ko iska ce ta ratso tamfol. Na ce wa Ishaya, "Mayar da sandar."

Ya zura ta. Ta tafi, ta tafi, saura kamar tafin hannu ta tsaya cak. Ya tura, ta ƙi. Ya ɗauko guduma, ya ɗaga, ya dubi bayan motar inda ba mai ce mashi a'a. Wanga karon na riƙe bakina da haƙora. Ya aje gudumar. Ya durƙusa ya kama bakin sandar da hannun nan mai jini, ya ɗan danna ta ƙasa, yana murɗawa kaɗan kaɗan, kunnenshi manne da ƙafar motar. Shanu sun yi nisa, ba ka jin komi sai ƙudaje. Sai munka ji ƙwas. Ta shige.

Ya ɗaure notunan, anka ture motar daga surin. Fulanin sunka ɗauki sandunansu, ko godiyar kirki ban yi masu ba, babban ya ce Allah ya sawwaƙe ya bi shanunshi da gudu. Ishaya ya murɗa makulli. Munka wuce tsamiyar nan. Ina zaune baya, kan Tanko bisa cinyata, ina kallon rana tana sauka cikin itace, ina ce mata tsaya, kamar tana jin Hausa.

Da munka hango rumfar, jandarman ya riga ya ɗauki bencinshi zai shiga da shi. Rana ta taɓa ƙasa, rabinta ya nutse. Ishaya ya danna ham bai saki ba. Mutumin ya aje bencin ya tako a hankali, shi ba ya sauri. Ya ɗaga tamfol da sandarshi. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga mara lafiya ne?"

Na ce, "Barci yake."

"Tashe shi."

Na kira Tanko. Na kira shi da sunan da uwarmu ke kiranshi. Na girgiza kafaɗarshi, kan ya tafi gefe. Na yi mashi magana da yarenmu, na ce ga gida nan, igiya ɗaya ta rage, kada ka kunyata ni. Ko gashin ido bai motsa ba. Jandarman ya saki tamfol ya ja da baya.

"Mama, na gaya maki jiya. Kin maimaita da bakinki."

Ishaya ya sauko daga gaba. Ya zagayo ya ɗaga tamfol, ya sa bakinshi daidai kunnen Tanko, ya ɗaga murya.

"Kawu! Na manta ko na ɗaure notin ƙasa. Ina jin mai na zuba."

Sai ido ɗaya ya buɗe. Ya yi yawo ya sauka kan Ishaya. Leɓen ya motsa.

"Wawa."

Jandarman ya ji, don ya matso. Ya dubi Tanko, ya dube ni, ya dubi inda rana take, saura jan bakinta kawai. Ya je ya kwance igiyar da hannunshi.

Muna ƙetarewa Tanko ya ce a tsaya a duba notin. Ishaya ya ce, "Kawu, ƙarya na yi, a ɗaure yake." Ya ce a duba. Anka duba. Ina riƙe da tocila Ishaya na ƙarƙashi, na ce mashi, "Kai, fito. Golmonka ya biya." Ya fito yana share ido da bayan hannu, wai mai ne ya shiga.

A Kaoje 'yar Zurun nan ta so mu kwana, Tanko ya ƙi a sauke shi, munka ɗan runtsa cikin motar munka kama hanya da asuba. A gadar Kwara ban rufe ido ba, na manta. Bayan Mahuta na naɗe tamfol ɗin gefe ɗaya, na tallabo kanshi. Da munka zo Dabai duwatsunmu sunka fito, kore shar, hadari na zaune bisa kansu. Ya kalla, ya kalla.

A ƙofar gida mutane sunka taru za su ɗauke shi, ya ce a dakata. Ya ce Ishaya ya ɗora hannu bisa tukunyar. Ishaya ya duƙa.

"Ɗumi kawai, Kawu. Ba zafi."

"Wancan notin na sama, ka kai a ƙona shi a ciro. Ka mayar mata da sandar gabanta."

"To, Kawu."

"To ku shigar da ni."

Ya sha kunun dawa cokali biyu da hannun Rahila. Ya kwana ɗakin da anka haife shi, ya ƙara kwana, ran Laraba da hantsi ya cika, ina riƙe da ƙafarshi. Hanyar gindin dutse ta yi laka, ba motar da ke shiga, jif ɗin ce ta kai shi gefen Baba. Na zauna baya kusa da akwatin, na kasa kunne tun daga ƙofar gida har munka isa. Ba ta yi kuka ba.